Dutse Biyu a Ruwan Tiga

Mu mutanen Bunkure da Kura muna ganin mun san ruwa. A bakin kanal muka tashi, a ciki muka koyi iyo, da shi iyayenmu suke ban ruwan shinkafa da tumatir da alkama. Amma ruwan kanal hanya ɗaya gare shi, kamar jakin da ya san gida. Ban gane haka ba sai a hutun Disamba da ya wuce, da Baba ya bar ni na bi kawuna su a Tiga.

An gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Baƙo, a kan kogin Kano. Daga can babban kanal yake ɗauko ruwa, ya biyo ta Ruwan Kanya, ya rarrabu cikin gonakin Kadawa da namu. Wannan duk mun karanta a aji. Abin da ba mu karanta ba shi ne yadda iskar hunturu take yi da ƙaramin jirgi a kan ruwa mai faɗi.

Kwale-kwalen Kawu na katako ne, yana ɗaukar mutum biyu da kayan su. Ba shi da anka ta ƙarfe irin ta jiragen teku. Dutse yake sawa cikin tsohuwar raga, ya ɗaura masa igiya. Da asuba ya ce in loda kaya, na tarar da irin duwatsun nan har biyu. Na ce a raina, jirgi ɗaya me zai yi da dutse biyu? Nauyi ne kawai. Sai na bar ɗaya a gaɓa, ban ce masa kome ba.

Muka isa inda ya kafa mamarinsa, wato doguwar igiyar nan mai ƙugiyoyi jere. Bashi ya karɓo ta wurin dillalin kifi, yana biya kaɗan-kaɗan daga abin da ya kama. Ya ce, "Saki dutse, ɗan boko." Na saki, na ɗaure igiyar a katakon tsakiya da nake zaune a kai, don nan ne kusa da hannuna. Ya ce, "Ina na biyun?" Na yi shiru. Ya dube ni, ya dubi gaɓa, ya kama jan mamari.

Hantsi na fitowa iska ta taso. Ya ku 'yan'uwana, kun taɓa ganin akuyar da aka ɗaure a turke tana son kuɓucewa? To haka jirgin nan ya zama. Iska ta ture shi dama, ya tafi har igiya ta miƙe ta fizgo shi, ya juyo ya nufi hagu. Kowace juyawa sai ya ba igiyar ruwa haƙarƙari, ruwa ya fallatso ciki. Ni kuwa don tsoro na miƙe tsaye, abin ya ƙaru. Kafin mu ankara mamari ya naɗe da igiyar dutse, ƙugiyoyi sun sarƙe, wata tarwaɗa tana ta bugun gefen jirgi. Na dubi gaɓa, na tuna iyon kanal ne kaɗai na iya, inda in ka gaji sai ka dafa siminti. Na fara salati.

Kawu ya daka mini tsawa, "Zauna a ƙasa!" Na zube. Ya rarrafo, ya kwance igiyar daga tsakiya ya mai da ita can hancin jirgi, ya ƙara sakar mata tsawo. Nan da nan jirgi ya fuskanci iska, sai dai gindinsa bai daina lilo ba. Sai ya ɗauki bokitin da muke kwarfar ruwa da shi, ya ɗaura masa guntuwar igiya a baya, ya nutsar da shi. Duk sa'ad da gindin jirgi zai gudu gefe, sai ya ja bokiti cike da ruwa. Lilon ya koma kaɗan. Amma mamari bai warwaru ba, dole Kawu ya sa wuƙa ya yanke wajen kamu goma, da ƙugiyoyinsa.

Washegari da kaina na ɗauko duwatsun biyu. Ya nuna mini yadda ake yi. Ka fuskanci iska ka saki na gaba, ka bar jirgi ya ja da baya har igiya ta kusa ƙarewa. Sa'an nan ka saki na baya, ka jawo jirgi gaba kaɗan har igiyoyin biyu su miƙe. Jirgi ya tsaya cik, kai ka ce a kan tudu yake. In wurin ba zurfi ma, gorar tuƙi yake kafawa cikin laka a baya, shi ke nan.

Da zan ƙulle igiyar baya tamau, sai ya riƙe hannuna. Ya ce ita zarge ake yi mata, yadda fizga ɗaya za ta kwance. In iska ta sake wuri, jirgin da aka ɗaure kai da gindi ba shi da ikon juyawa ya fuskance ta, ruwa zai buge shi a gefe ya kife. Ya ce wannan ya fi abin jiya haɗari.

Ranar da zan komo makaranta na ba shi rabin kuɗin guzurina don ƙugiyoyi. Na zaci zai ƙi, amma ya karɓa ya sa aljihu. Baba bai san labarin nan ba har yau, don Kawu ya ce ni zan gaya masa da kaina. Mujallar nan kuwa da ita zan tafi gida hutu mai zuwa.