Bishiya A Gindin Katanga

Mu mutanen Haɗejiya da an ce katanga ta faɗi, sai mu ce ai ruwa ne. Gaskiya kogi yana yi mana ɓarna, wadda ta ga ambaliyar 2020 da ta 2022 ba sai an ba ta labari ba. Amma ni abin da na lura a unguwarmu, katangar da ke fara zubewa dama can da ciwonta, ruwa ƙarasa ta kawai yake yi. Sau da yawa kuwa ciwon nan mu mata muka dasa shi da hannunmu.

Kin ga dai gidajen da ke kusa da fadama, ƙasarsu laka ce. Da damina ta sha ruwa ta kumbura, da rani ta bushe ta dare. To in akwai maina ko mangwaro a gindin katanga, saiwar za ta zuƙe danshin da ke ƙarƙashin harsashi, wannan gefen ya zauna, wancan yana tsaye, sai ki ga tsaga daga ƙasa har sama. Cediya da durumi kuwa sun fi kowa rigima, saiwarsu bin ruwa take har makwarara da bakin masai.

Sai kuma masu yaɗo. Wata maƙwabciyata ta saki soso da kabewa a kan katangarta ta ƙasa, wallahi gwanin sha'awa. Ashe ganyen ya hana yaɓe bushewa, ya ɓoye tsaga, gara na ta aikinta a ciki. Ranar da gefe guda ya rufto, a daidai wurin da yaranta ke shimfiɗa tabarma da zafi ne. Allah ne ya tsare, suna ɗaki.

Ba cewa nake a sare bishiya ba, wa zai iya zafin bazara babu inuwa? Ki dasa ta tsakar gida, nesa da gini, ki kafa wa kabewa rumfarta daban. Kafin ruwan fari ki zaga katangarki, in kin ga tsaga ki matsa wa maigida a kira magini. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Allah ya tsare mu da 'ya'yanmu, amin.