Jini Ne Ke Fara Kashewa

Ina saurayi na shiga soja a 1967, aka sa ni aikin wankin ciwo a runduna ta biyu, wadda Murtala Muhammed ya jagoranta. A bakin kogi wajen Onica na fara ganin abin da ƙarfe ke yi wa ɗan Adam. Harsashi kan shiga ta 'yar ƙofa da ba ta wuce kan yatsa ba, amma a ciki ya dagargaza nama, ya farfasa ƙashi, ya ja ƙasa da ƙyallen riga ya cusa. Gutsattsarin bam kuwa ba wuri ɗaya suke shiga ba.

Ranar da na fara ganin likita ya yanke mataccen nama, ya wanke, ya bar ciwon a buɗe, wallahi na ɗauka sakaci ne. Sai bayan kwana huɗu ko biyar ya ɗinke. Daga baya na gane: wanda aka yi gaggawar ɗinke wa, mugunya ke taruwa a ciki, ƙafa ta ruɓe, a ƙarshe a yanke ta. Kuma ba kowane harsashi ake tonowa ba. Akwai abokan aikina da suka tsufa da ƙarfe a cinya, suna nomansu.

Da aka gama yaƙin basasa a 1970 na dawo Tsiga, na zaci na bar wannan ilimin a kudu. Ashe zai biyo ni gida. A Fabrairun 2025 'yan bindiga suka shigo garin nan suka ɗauke Janar Maharazu Tsiga. Duniya ta ji nasa. Manomin da aka harba a gonar masara, aka ɗoro shi a babur zuwa Funtuwa, wa ya ji?

Abin da ke ci mini rai, har yau ana ɓata lokaci. Wannan na neman toka, wancan na neman maɗori, wani na tsoron a tambayi takardar 'yan sanda. Alhali tun 2017 doka ta wajabta wa asibiti karɓar wanda aka harba ba tare da ita ba.

'Ya'yana, in an harbi mutum, ku danne bakin ciwon da ƙyalle mai tsabta, da ƙarfi, kada ku saki. Kada ku tona. Ku kai shi Funtuwa ko Malumfashi, in an ce asibitin Shika ku wuce. Masu jini a jika su bi motar, don za a nemi jini.