Rumbu Cike, Ƙofa a Rufe

Kwafe shafin intanet gaba ɗayansa ba abu ne mai wuya ba. Da manhajar HTTrack, dare guda na rezo mai kyau ya isa ka zuba darussa da yawa cikin kile USB. Haka na yi wa ƴan ajinmu kafin jarrabawar Bak, don mu huta da sayen forfe.

Amma akwatin bincike da ke saman shafin ya zama hoto. Ka rubuta kalma, ka danna, shiru. Dalili kuwa, binciken ba a cikin shafin ake yin sa ba. Can kan uwar garke yake, inda aka jera kowace kalma da wuraren da take. Mun kwaso hatsi, mun baro mai awo a kasuwa.

Maganin shi ne ka gina naka fihirisa. Na bi hanyar Kiwix, manhajar da Emmanuel Engelhart da Renaud Gaudin suka fara a 2007 don karanta Wikipedia ba tare da intanet ba. Tana dunƙule shafuka cikin fayil guda mai suna ZIM, fihirisar na ciki. Kwamfuta ɗaya ta riƙe shi, sauran su shigo da wayoyinsu ta wifi.

To, nan fa Hausa ta nuna halinta. Wata ƴar ajinmu ta rubuta "kasa" tana neman "ƙasa", injin ya ce babu. Wayarta ba ta da ƙ, ba ta da ɗ ko ɓ. Mu nan Nijar "ƴaƴa" muke rubutawa, ƴan'uwanmu na Najeriya "'ya'ya". Ga injin, waɗannan kalmomi biyu ba su ma san juna ba. Shi kam bai san "makaranta" da "makarantu" gida ɗaya suka fito ba.

Sai na zauna na ƙara wa kowane darasi rubutu na biyu marar lanƙwasa, don fihirisa ta kama duka biyun. Yanzu mai neman "ƙasa" kan samu har da "kasa" ta gazawa, amma gara ya tsince da ya tashi hannu wofi.

Wallahi wanda ke da awa guda kafin kuran ya ɗauke ba zai buɗe shafi ɗari yana lalube ba. In kuka kwafo wa ƙannenku karatu, ku gwada binciken da wayar mafi talaucin ajin kafin ku ce an gama.