KOWACE ƘASA DA IRINTA

Zuwa ga Edita,

Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wata tafiya da na yi a ƙauyukan arewacin Kano da kakar bana, sa'ad da na sami hutu daga ofis. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilmi, gani kuma ya kori ji.

Dalilin tafiyar kuwa shi ne, tun ina yaro a gidan kakana akwai wata dawa, jinsin ƙaura ce, mai manyan ƙwaya rawaya, wadda ba mu san ta da wani suna ba sai sunansa. Kowace kaka ya kan zaɓi zangarku mafi kyau ya rataye su a ɗakin girki inda hayaƙi zai kore musu ƙwari. Da Allah ya yi masa rasuwa, ni ina makaranta, aka raba gona. Bana na ƙudura in nemo irin nan in shuka a bayan gidana.

Na bar birni da sassafe ta hanyar Katsina, na fara tsayawa a Dawanau, babbar kasuwar hatsi wadda aka kafa a 1985. Buhunan dawa da gero da wake da riɗi sun yi tsibi, manyan motoci na lodi zuwa Kudu da ƙasashen maƙwabta. Na tambayi wani dillali dawar wane gari ce wannan. Sai ya yi dariya ya ce, "Malam, mu nan biyu mu ka sani, ƙaura da farafara. Gari kuwa ba ya hawa sikeli." Na riƙe maganar nan a zuciyata, na wuce.

Daga nan na ratsa ƙasar Dawakin Tofa na nufi Bichi, wajen mil 25 daga birni. Wanda bai taɓa bin karkarar Kano ba, ba zai gane abin da a ke nufi da cika ba. Ba daji ko na jifa ɗaya. Gona na jingine da gona, gida na hangen gida, ko'ina ga ɗorawa da kuka da tsamiya da gawo a tsakiyar shuka. Ba jiya aka fara ba, gama Baturen nan Barth, wanda ya sauka Kano a 1851, ya yaba albarkar ƙasar nan ƙwarai. A 1965 kuma wani malamin Jami'ar Zariya, Michael Mortimore, da abokin aikinsa Wilson, su ka buga binciken da su ka yi a kanta, su ka nuna mafi yawan ƙasar ana noma ta kowace shekara ba hutu, amma ba ta mutu ba. Asirin kuwa taki ne. A zamaninsu jakuna su kan kai itace birni, su komo da mangala cike da shara da toka. Tumaki da awaki su kan ci harawa da rani, kashinsu ya koma gona. Gawo kuma ya kan zubar da ganyensa da damina, watau ya ba shuka taki ba tare da ya rufe ta da inuwa ba.

A wani ƙauye gabas da Bichi na iske wani dattijo yana yankan dawa, na yi masa sannu da aiki, na ce, "Baba, don me ka cakuɗa shuka haka, ba ka ware kowace a gefenta ba?" Ya aje wuƙarsa ya ce, "Zo ka gani, ɗana." Ya kai ni kan tudu ya ɗebo ƙasa, ta zube ta tsakanin yatsunsa. Ya ce, "Wannan jigawa ce, ta gero da gyaɗa da wake." Mu ka gangaro inda ƙasa ta yi duhu, ya ce, "Nan ta fi riƙe ruwa, dawa ke sonta. Can ƙasa kuwa fadama ce, ta rake da kayan lambu." Duk wannan cikin tafiyar da ba ta kai ta minti goma ba.

Sa'an nan ya nuna mini gicci, watau yadda a ke gitta layin wata shuka a kan na wata. Gero ya nuna tun a Agusta ya kashe yunwar damina, in an cire shi dawa da wake su sami sarari. Wake ma iri biyu gare shi. Ɗan Ila ya fi saurin ba da ƙwaya. Kanannado kuwa ya kan jinkirta, ya yaɗu ya rufe ƙasa, ya ba da harawa mai yawa. Ya ce, "Wanda ya raina Kanannado don jinkirinsa, da bazara zai ga haƙarƙarin tumakinsa. In ba tumaki, ba taki. In ba taki, ba dawa." Na tambaye shi dawar kakana, na siffanta ta. Ya ce ya san irinta, amma ya daɗe bai gan ta ba.

Daga Bichi na yi arewa maso gabas zuwa Dambatta, na kwana, kana na juyo kudu zuwa Minjibir, inda cibiyar binciken noma ta IITA, wadda ta buɗe reshe a Kano a 1990, ta ke da gonar gwaji. A hanya na yi ta tambaya, ban dace ba. Wasu sun ce iri da yawa sun salwanta a farin 1973 da na 1984, sa'ad da yunwa ta sa mutane su ka cinye na shuka, da ruwa ya dawo su ka sayo na kasuwa. A 1975 kuma kuturtar gyaɗa, wadda darɓa ke yaɗawa, ta halaka gyaɗar Arewa, ita da ta cika dalar Kano tun bayan isowar jirgin ƙasa a 1911.

Kada mai karatu ya ce, ai dawa dawa ce. Malaman gona na Samaru, musamman wani mai suna Curtis, sun gano tun wajen 1960 da 'yan kai cewa dawar gargajiya tana lura da tsawon yini. Ko an shuka ta da wuri ko an makara, ba ta fid da kai sai yini ya ragu daidai lokacin da damina ta saba ɗaukewa a garinsu. In ka kai ta Kano can kudu, sai ta fid da kai cikin ruwa, ƙwayar ta yi fumfuna. In ka kawo ta kudu nan, ruwa ya ɗauke ba ta cika ba. Ashe kowane iri yana ɗauke da lissafin damunan garinsu, wanda kakanni su ka yi ta tacewa shekara da shekaru ba da alƙalami ba.

To, jama'a, ku dubi yadda wasu ke yi da nasu. A arewacin Italiya akwai wani ɗan yanki cikin duwatsu, Kwarin Aosta, inda a ke noman inabi. Abin shan da su ke yi da shi ba shi ne maganata ba, tattalinsu na ke so mu duba. A garuruwan Morgex da La Salle suna da wani farin inabi na asalin wurin, Prié Blanc, wanda su ke nomawa har tudun da ya kai mita 1,200. Suna kwantar da shi bisa gajerun rumfuna kusa da ƙasa don ya sha ɗumin duwatsu da dare. Sa'ad da wani ƙwaro daga Amurka ya cinye saiwar inabin Turai bayan 1860, sanyi da rairayin wurin su ka tsare nasu. Tun 1963 kuma Italiya ta kafa doka mai tsare sunan wuri, ba mai sayar da nasa da sunan garin da ba can ya nome shi ba. Faransawa ma suna da kalma guda, teruwa, wadda ta haɗa ƙasa da iska da ruwa da hannun manomi, duk abin da ke ba amfanin gona ɗanɗanon garinsu. Mu muna da abin, dattijon nan na Bichi ya san shi sarai, rubutawa ce ba mu yi ba.

Ba ina kushe sabon iri ba ne. Wake irin su Sampea 10, mai jure wuta-wuta, ya ceci gonaki da yawa, mai saurin nuna kuma rahama ne a shekarar gajeren ruwa. Amma malaman da ke ƙirƙiro sabo, daga tsoho su ke ɗebowa. Da tsohuwar zuma a ke magani.

Sabo da haka ga roƙona ga malaman makaranta da akawuna da ke ƙauyuka. Kowa ya sami littafi guda, ya tura yara su tambayi kakanninsu, maza da mata: mene ne sunan irin, a wace ƙasa a ke shuka shi, yaushe ya ke nuna, me a ke dafawa da shi. A rubuta da sunan ƙauyen, a aje zangarniya guda ta kowane iri, a riƙa sabunta ta a gonar makaranta. Masu gari su taimaka, Edita kuma ya ba mu fili mu riƙa bugawa. Wata rana watakila mai saye a Dawanau ya nemi waken gari kaza da sunansa, ya biya fiye, manomi ya ci moriyar haƙurinsa.

Ni dai na komo hannu wofi, ban sami dawar kakana ba. Laifina ne, gama na iya rubutu tun yana da rai, ban rubuta ba. In akwai mai ƙaura tsohon iri wadda ya gada a rumbun gidansu a ƙasar Bichi ko Dambatta, ina roƙo ya sanar da ni ta hannun Edita. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Kano.