Londrina, Inda Aka Saba wa Waken Suya da Ƙasar Zafi

Jar ƙasa ce ke fara tarbar baƙo a Londrina, cikin jihar Parana a kudancin Brazil. Ta kama takalmi, ta kama ƙafar wando, kuma wanki ɗaya ba ya fitar da ita. Da can kofi ne arzikin garin, har wani mugun sanyi ya sauka a Yulin 1975 ya ƙone gonakin. A shekarar ce hukumar binciken noma ta ƙasar, Embrapa, ta buɗe cibiyar waken suya a nan. Ita na je gani.

Wake ne mai lura da tsawon yini. Irin da aka kawo daga Amurka ya saba da dogayen ranaku, to in an shuka shi can arewacin Brazil, wajen tsakiyar duniya, inda yini bai cika wuce awa 12 da 'yan kai ba, sai ya ɗauka lokaci ya ƙure. Ya yi fure tun bai kai gwiwa ba, ya tsugunna, kwansonsa na jan ƙasa inda injin girbi ba ya kaiwa. Wani mai bincike, Romeu Kiihl, da abokan aikinsa suka yi ta barbarar iri da iri har suka samu wanda ke jinkirta fure sai ya yi jiki. A 1980 aka fitar da irin Doko, aka kai shi dajin Cerrado, wanda a da ake ganin ba ya nomuwa saboda tsamin ƙasarsa. Aka zuba farar ƙasa, aka shafa wa iri ƙwayoyin halittar da ke ɗebo masa sinadarin naitirojin daga iska. Yau Brazil ce kan gaba a duniya. A 2023 ta girbe sama da tan miliyan 150.

Abin da ya ɗaure mini kai a wajen cin abinci yake. Kullum da rana shinkafa da wake ne, amma waken gargajiya irin nasu. Na suyan kuwa sai dai a tatsi mai, a ba kaji da aladu dusar, sauran a loda wa jiragen ruwa zuwa China. Awara sai na lalubo ta a shagunan jikokin Japanawa, waɗanda ke da yawa a garin.

Gafin waken ne ke korar mutane daga cinsa. Wani sinadari a cikin ƙwayar ke tayar da shi da zarar an niƙa ta da ruwa. Cibiyar ta fitar da iri kamar BRS 213 da BRS 257 waɗanda ba su da sinadarin, madararsu ba ta da wannan wari. Aiki ne mai kyau, sai dai masu cinsa a can tsiraru ne.

Mu kuwa ci muke yi. Yarinya mai tuyar awara a bakin titi a Kano ta fi yawancin mutanen Londrina sanin ɗanɗanon waken nan. Cibiyar IITA ta Ibadan ta ba mu ire-iren TGx, masu ƙin tsatsar ganye, waɗanda kwansonsu ba ya saurin fashewa a gona, kuma manomi ya ji daɗinsu. Saura a waiwayi tukunya: wane iri ne ya fi ba da madara, wanne ne awararsa ke fitowa fara tas, wanne ba ya gafi. Kafin masu bincikenmu su sake fitar da sabon iri, su ɗibi mudu-mudu su kai wa mata masu awara su gwada tukuna.