Kaset Ɗin da Babana Ya Bari

Hausawa sun ce rashin sani ya fi dare duhu. Ni dai na yi shekara uku a cikin wannan duhu, har Allah ya sa wani littafi ya fitar da ni.

Sunan littafin Love Is a Mix Tape. Wani Ba'amurke ne, Rob Sheffield, mai rubuta sharhin waƙoƙi a mujallar Rolling Stone, ya fitar da shi a 2007. Labarin zamansa ne da matarsa Renée. Sun haɗu a garin Charlottesville a 1989, suka yi aure a 1991. A 1997 ta yanke jiki ta faɗi a gida, gudan jini ya toshe mata jijiyar huhu, rai ya yi halinsa tana da shekara 31. Abin da ya rage masa shi ne tarin kaset. Wato a zamanin nan mutum yakan sami kaset wanda ba kome a cikinsa, ya zaɓi waƙoƙi ɗaya bayan ɗaya ya ɗauka, ya rubuta sunayensu da hannu, ya ba wanda yake so. Kowane babi na littafin da jerin waƙoƙin irin wannan kaset yake farawa, sa'an nan marubucin ya ba da labarin kwanakin da suka saurare shi.

To, mu ma akwai kwalin kaset a gidanmu, na marigayi babana. Tun da Inna ta fita takaba ta tura shi ƙarƙashin gadonta. Sau biyu ina ce mata a zubar da shi, tun da rikodar ta daɗe da lalacewa, kuma waƙoƙin Shata da na Ɗanmaraya Jos duk ga su cikin waya. Ba ta taɓa ba ni amsa ba, ni kuwa na ɗauka son tara tarkace ne irin na manya.

Da na gama littafin, sai na jawo kwalin na zazzage. Can ƙasa na ga wani kaset da ba na kasuwa ba ne. Rubutun babana ne a jikinsa, ga jerin waƙoƙi, ga kuma harafin farko na sunan Inna. Na kai rikodar wurin mai gyara, ya sake mata bel. Da dare na kunna. Kalangu ya tashi, Inna ta ajiye tsintsiya ta zauna a bakin ƙofa. Sai da fuska ɗaya ta ƙare ta ce, "Kafin a kawo lefe ya aiko mini da shi." Ba ta ƙara kome ba.

Mai karatu ya duba bambancin. Sheffield ya rubuta littafi guda a kan matarsa. Inna kuwa ko sunan mijinta ba ta taɓa kamawa ba, saboda kunya. Amma ciwon ɗaya ne, ma'ajinsa ma ɗaya. Waƙar Shata ta kowa ce, amma zaɓen da babana ya yi, wannan kafin waccan, na Inna ne ita kaɗai, kuma babu shi a waya.

Yanzu kwalin yana bisa kabad, ni ne mai share masa ƙura. Allah ya jiƙan magabatanmu, amin.