Mudun Auna Abin da Aka Gani a Sama

A Nuwamban 1978, Firayim Ministan Girinada, Eric Gairy, ya gabatar wa Majalisar Ɗinkin Duniya buƙatar a kafa hukumar da za ta haɗa kan masu binciken abubuwan da ake hangowa a sama ba a san ko mene ne ba. Masanin taurari J. Allen Hynek ya mara masa baya. Majalisar ta tsaya ga gayyatar ƙasashe su yi binciken da kansu. A Maris na 1979 aka kifar da gwamnatin Gairy, maganar ta bi ruwa.

Buƙatar kuwa ba shirme ba ce, domin masu binciken ba da mudu ɗaya suke awo ba. Daga 1947 zuwa 1969 sojan saman Amurka sun tattara rahoto 12,618, suka bar 701 a matsayin “ba a gane ba”. To, me wannan furuci yake nufi a wata ƙasar? Hukumar GEIPAN ta Faransa ta raba rahotanninta aji huɗu, kuma hikimar tana tsakanin na uku da na huɗu. Aji C shi ne wanda bayanansa ba su isa a yanke hukunci ba. Aji D kuwa an samu shaida, an bi diddigi, amma an rasa bayani. Ƙungiyar da ta cakuɗa biyun, kamar yadda ɗoki kan sa a yi, ta haɗa hoto mai dishi-dishi da shaidar matuƙin jirgi da na'urar rada a buhu guda. Mai bincike a Chile da ya karɓi adadinta ba shi da hanyar tsince wannan daga wancan.